An Binne Ƙodata Ina da Rai

Ina juya kifi a kan banda Baturiya ta shigo ba sallama. Maƙwabciyata ce, kuma tun da muke ba ta taɓa shigo mini gida ba tare da ta faro tsokana tun daga zaure ba. Ranar kuwa shiru ta shigo, ta kifa turmi ta zauna tana kallon hayaƙi. Wasu mata biyu suka biyo ta, su ma suka nemi wuri. Na ci gaba da juya karfasa, don hannuna ya ƙi tsayawa.

Ta ce, "Zuwaira, bar wannan ki zo ki zauna."

Na ce, "Faɗi daga nan, ina jin ki."

"An bugo daga Kano. Sai haƙuri. Na-Baffa lokaci ya yi. Suna hanya da shi, har sun wuce Kura."

Na yi salati, na tambaye ta yaushe aka bugo. Ta sunkuyar da kai. Ashe tun hantsi. An gaya wa liman, an gaya wa mai unguwa, samari har sun fara haƙa a maƙabartar gabas. Duk garin ya sani. Ni da na haife shi ina nan ina fifita wuta.

Ɗaya daga cikin matan ta dafa ni, ta ce a hankali, "Ki daure dai, kada a ji muryarki a waje. Kin san ɗan fari ne."

Na ture hannunta. Ban yi kuka ba, amma ba don maganarta ba. Fushi ne ya riga kukan zuwa, ya fi kuka zafi, kuma har yau bai sauka ba.

Na-Baffa ɗana ne na fari. Ba sunansa ba ke nan, ni ce nake kiransa haka, don a wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, idan ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba. Ina yaye shi aka ɗauke shi aka kai shi gidan yayan mijina, Ɗanasabe, wanda kowa ke kira Baffa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. A can ya girma. Ina jin kukansa ta kan katanga ina daka, ban isa in leƙa ba. Shi kuma da ya fara magana bai ce mini Inna ba. Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannen mijina suna faɗi. Da mahaifinsa Audu ya rasu, sai Baffa ya zama shi ne uban gaba ɗaya.

Ban taɓa ganin laifin wannan ba. Haka aka yi wa uwata, haka na tashi na gani. Mu mutanen bakin dam ɗin Tiga, tun da ruwa ya cinye tsohon garinmu aka kwaso mu nan ina ƙarama, dattawa suka riƙe al'ada da hannu biyu. Gidaje sun tafi, gonaki sun tafi, kaburburan kakanni suna ƙarƙashin ruwa. Abin da ya rage mana shi ne yadda muke yi, shi ya sa ba a wasa da shi.

Na-Baffa ya girma ya zama manomin rani. Tumatur da albasa yake yi, da injin ban ruwansa. Ya auri Husna 'yar Kiru, suka haifi 'ya mace. Sai ciwo ya zo. Ƙafa ta kumbura, fuska ta kumbura, aka je Kano aka ce ƙodojinsa duka biyun sun daina aiki. Aka shiga wankin ƙoda. Mutumin da ke ɗaukar kwandon tumatur shi kaɗai ya koma sai an riƙe shi ya hau acaɓa. Daga baya likitoci suka ce sai dai dashe, a nemi wanda zai bayar a cikin dangi.

Baffa yana da ciwon suga. Ƙannen yaron mata, ɗaya tana da ciki, ɗaya jininta bai dace ba. Aka zagaya aka zagaya, ba wanda ya kalli inda nake. Ni na yafa mayafi na bi su asibiti na miƙa hannu. Aka ɗebi jini, aka yi ta awo, aka ce nawa ya dace.

A ranar ba wanda ya tuna da kunya. Baffa da bakinsa ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Zuwaira. Uwa uwa ce." Mata suka yi ta shigowa suna sa mini albarka. Ba wadda ta ce ɗan fari ne. Aka kwantar da ni, aka tsaga mini ciki ta gefen hagu, aka ciro abin da Allah ya ba ni aka sa masa. Da na farfaɗo na tambayi nas ko ta kama aiki. Ta yi dariya ta ce, "Mama, tun a ɗakin tiyata ta fara fitsari. Ƙodarki ba ta da ƙiwa."

Na yi murna irin wadda ban taɓa yi ba. Na ce a raina, to, yanzu kam ko ban faɗi sunanka ba, ina cikinka.

Ranar da za a sallame mu likita ta aiko a shigo da iyali za ta yi bayanin magani. Na miƙe ina dafe da ɗinkina. Baffa ya ɗaga mini hannu.

"Ke zauna ki huta. Maganar jinyarsa ce, ba a gabanki ba."

Na koma kan benci. Shi da yaron suka shiga, aka rufe ƙofa. Husna ma tana waje tana goyon 'yarta. Wuƙa ta gama aikinta, kunya ta dawo wurinta.

Da suka fito Baffa yana rungume da ledar magani kamar jariri. A mota ya yi mana bayani. Ya ce jikin mutum yana da sojoji, kuma sojojin yaron suna ganin ƙodata baƙuwa ce, za su far mata. Wannan ƙwayar ita ke kwantar da su. Safe da yamma, har ƙarshen rayuwa. Idan aka tsallake ko sau ɗaya, jiki zai ƙi ƙodar. Ya maimaita wannan har muka iso gida. Abin da na ji ke nan, shi kaɗai.

Ba zan yi masa ƙarya ba, Baffa ya tsare maganin nan. A aljihunsa yake kwana. Da safe shi zai miƙa, da yamma shi zai miƙa, ya tsaya sai ya ga an haɗiye. Da fari suna zuwa Kano a kai a kai ana ɗibar jini. Yaron ya murmure, ya yi ƙiba, ya koma gona. Shekara ta zagayo, ta biyu ta kama. Sai na lura tafiya Kano ta yi nisa da juna, daga baya na daina ganin an tafi. Na tambayi Husna. Ta ce Baffa ya ce mutum yana lafiyarsa ƙalau, me za a je a yi ta zuƙe masa jini ana ɓata yini guda a layi. Magani dai ana aikawa a sayo, ba a fasa ba.

Da rani ya yi tsakiya, lokacin da tumatur ya fara nuna, yaron ya shigo gaishe ni da safe kamar yadda ya saba. Yakan tsuguna daga bakin ƙofa ya ce, "Yaya, an tashi lafiya?" Ni kuma in amsa ina kallon wani wuri. Ranar na tura masa kofin kunu. Ya ɗauka, sai na ji cokali yana kaɗawa a jikin kofi. Na saci kallo. Hannunsa rawa yake yi, har kunun yana zuba a kan wandonsa. Ya sa ɗaya hannun ya tallafe. Na dubi ƙafarsa, igiyar silifa ta nutse a cikin nama.

Na san wannan ƙafar. Na taɓa ganinta.

Yana fita na aika a kira mini Husna. Ta zo ta durƙusa tana wasa da bakin zane, don ita ma tana da tata kunyar ta suruka.

Na ce, "Ɗago ki dube ni. Mijinki yana fitsari?"

Ta rufe fuska. "Kai, Inna."

"Ba Inna na tambaye ki ba. Yana yi ko ba ya yi?"

Sai ta fashe da kuka. Ta ce kaɗan yake yi, kuma ja kamar shayi. Ta ce ya yi kwanaki yana gudawa, bai fasa zuwa gona ba, yana yini a rana. Ciwon kai ba ya barinsa. Sannan ta rage murya ta ce Baffa ya ga kumburin ya tsorata, ya ce alamar jiki ya fara ƙin ƙodar ke nan, sojojin sun farka. Don haka ya ƙara masa ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da yamma, a danne su.

"Likita ce ta ce a ƙara?"

"Baffa ne ya ce. Ai shi ya ji bayanin."

Ni ban yi boko ba, ban san aikin ƙwayar nan ba a lokacin. Ban san ko ƙarin daidai ne ko kuskure ba. Abin da na sani, yaro yana kumbura, kuma waɗanda suka tsaga mu suna Kano. Na zagaya gidan Baffa. Na same shi a zaure yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Baffa, a mai da yaron nan asibiti."

Bai ɗago ba. "Wane yaron?"

"Naka."

"To tun da nawa ne, bar mini shi. Ina sane da shi. Na ɗauki mataki."

"Hannunsa rawa yake. Ba ya fitsari."

Nan ya ajiye komar. Ya dube ni kamar na shigo masallaci da takalmi.

"Zuwaira! Fitsarin ɗan farinki kike bi? A bakinki? Ke ko kunya ba ki ji ba? Don kin ba shi ƙoda shi ke nan sai ki zubar da mutuncinki a zaure?"

Na ce, "Ranar da aka tuɓe ni a gaban maza aka yanka ni, ina kunyar take?"

"Wannan lalura ce."

"Wannan fa?"

"Wannan rashin ta-ido ne. Tumatur ya nuna, motocin 'yan kudu suna bakin hanya, idan ya bar gonar kwana biyu ta ruɓe. A gama ɗiba, ni da kaina zan kai shi. Tashi ki shiga gida kafin wani ya ji ki."

Kafin la'asar magana ta zagaya. Matar Baffa ta leƙo ta katanga ta ce, "An ce yanzu ke ce likitar gidan?" A bakin rijiya wata ta ce tun da aka cire mini ƙoda aka haɗa da kunyar aka cire. Suka yi dariya. Baturiya ce kaɗai ta ce musu, "Ku dai Allah ya sa kada a wayi gari ku neme ta ku ba ta haƙuri."

Washegari na yi abin da ban taɓa yi ba. Na bi shi gona. Na same shi a bakin kwatar ban ruwa, injin yana ta ƙara, yana zaune a kan kwando ya dafe kai. Da ya gan ni ya zabura zai miƙe, jiri ya mai da shi.

"Yaya? Lafiya? Wani abu ya faru a gida?"

Na tsaya a gabansa na dube shi ido cikin ido. Tun yana jariri rabon da in yi masa irin wannan kallon. Ashe yana da ɗan tabo a gira, ban san lokacin da ya ji ciwon ba.

Na ce, "Kashe injin nan ka tashi mu tafi Kano."

Ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai yana soshe ƙeya. "Yau kuma ni Yaya take yi wa magana haka? Lallai za a yi ruwa da rani."

"Ba wasa na zo ba."

"Na sani. Gajiya ce kawai. Baffa ya ƙara mini magani, zai sauka."

"Ƙodar nan tawa ce. Na fi Baffa sanin ta."

Ya yi dariya har ya tari. "To ai na riƙe miki ita amana. Kullum sai na gaishe ta." Ya shafa mararsa ta dama, inda aka sa ta. Sannan fuskarsa ta canza. Ya ce, "Yaya, idan na tsallake maganar Baffa na bi taki, me za a ce? Shi ya riƙe ni. A ɗibi na wannan makon, wallahi zan je. Ki koma gida, rana ta yi zafi, ke ma guda ɗaya gare ki."

Ya cika leda da tumatur ya miƙo mini, hannun yana rawa. Na karɓa. Me zan yi? Ba zan iya ɗaukarsa a ka ba.

Ba a gama ɗibar ba. A cikin kunyar gona ya faɗi, tsakanin shuka, ma'aikatansa suka kwaso shi. Wannan karon ban tambayi kowa ba, na shige motar na zauna. Baffa ya buɗe baki, ya dubi fuskata, ya rufe.

A asibiti aka ɗebi jini, aka shiga da shi. Da sakamako ya fito likitar nan dai ta aiko a shigo. Baffa ya ɗaga mini hannu kamar wancan karon. Na bi ta ƙarƙashin hannun na riga shi shiga.

Likitar ba ta da tsawo, bakinta kuma ba ya zagaye. Ta tambayi rabonsa da gwajin jini. Baffa ya ce an kwana biyu. Ta tambayi ƙwaya nawa yake sha. Baffa ya faɗa. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Wa ya ce a ƙara?"

"Na ga kumburi ne, likita. Kin ce idan jiki ya ƙi ta..."

"Alhaji, abu biyu na faɗa muku a ɗakin nan. Na ce kada a tsallake. Na kuma ce kada a ƙara, kada a rage, sai an auna jini. Maganin nan yana tsare ƙoda daga sojojin jiki, gaskiya ne. Amma shi kansa idan ya yi yawa a jini, matse hanyoyin jinin ƙodar yake yi har ta bushe. Ko an sha shi daidai yana iya cin ta a hankali, shi ya sa muke cewa a riƙa zuwa muna dubawa. Rawar hannun nan da ciwon kai, maganin ne yake gaya muku ya yi yawa. Ga gudawa, ga rana, jiki ba ruwa, sai ya ƙara taruwa. Ku kuma kuka ƙara masa."

Na ce, "Likita, ba jikinsa ne ya ƙi ta ba?"

Ta juyo. "A'a, Mama. Jikinsa ya karɓe ta. Maganin ne ya ƙone ta."

Na ji kamar an sake buɗe ɗinkina. Jikinsa bai ƙi ni ba. Shekara biyu ina zaune lafiya a cikinsa.

Na ce, "To me ya sa ba ki gaya mini ba tun farko? Ni aka yanka."

"Na ce a shigo da iyali."

"Ni mece ce? Kin gan ni a kan benci. Ke kika ɗinke ni. Ba ki ce ina matar nan ba?"

Ta dubi takardun gabanta. Ita ma ina da fushinta har gobe, amma ita aƙalla ta yi shiru.

Na ce a cire ɗayar a sa masa. Ta ce ba a yi, ba za su kashe ni su raya shi ba. Na ce ni na yarda. Ta ce ko na yarda. Ta ce za su rage maganin su mai da shi kan injin wanki, a ga ko ƙodar za ta farfaɗo, amma an zo a makare, kuma jikinsa ba garkuwa, ga wata cuta ta shiga jininsa.

A baranda Baffa ya jingina da bango yana hawaye, gemunsa ya jiƙe. Ya ce, "Cikin abu biyun da ta faɗa, wanda ya fi ba ni tsoro shi na riƙe. Ɗayan ya fita daga kaina." Da mu biyu muka shiga ɗakin nan ranar da aka sallame mu, da ya riƙe ɗaya na riƙe ɗaya. Da Husna ta shiga, da mu uku ne. Kai ɗaya aka aika ya ɗauko rai.

Na yi kwanaki a gefen gadon yaron. Ina shafa masa ruwa a leɓe, ina gyara masa filo, abin da ban yi masa ba yana yaro. Wata rana ya buɗe ido ya ce, "Yaya, na ɓata miki ajiyarki." Na ce ya rufe mini baki. Na so in kira shi a lokacin, sunan ya zo har kan harshena. Sai dangi suka shigo dubiya, aka cika ɗakin.

Su ne kuma suka taru a kaina. Asibiti sun ce mai jinya ɗaya za a bari. Dangin suka ce matarsa ce ta dace, uwa a gefen gadon ɗan fari abin magana ne, kuma ni ma ba lafiya ce ta ishe ni ba. Na ce ba inda za ni. Yaron da kansa ya ce, "Je ki huta, Yaya, kada a yi ta surutu a kanki. Ki yo mini bandar karfasa, bakina ba ɗanɗano." Saboda shi na hau mota.

Kifin da nake juyawa ke nan Baturiya ta shigo.

Da suka iso aka shiga da shi gidan Baffa, can aka yi masa wanka. Aka ce in zo in yi masa addu'a, in yi sauri, maza suna jira. Na durƙusa a gaban makara. Na ɗora hannu a kan likkafani daidai mararsa ta dama. A nan take. Aka ɗauke su su biyu aka fita, mu mata muka tsaya daga soro. Wani yanki na jikina yana kwance a maƙabartar gabas, an yi masa salla, an tura masa ƙasa, ni kuma ina nan ina shan ruwa.

Ranar uku maza sun cika ƙofar gidan Baffa a kan tabarmi. Daga cikin gida ina jin masu gaisuwa. Kowa ya zo sai ya ce, "Baffa, ya haƙuri? Ka yi iya ƙoƙarinka. Jiki ne ya ƙi ƙodar, dama an ce ta tsofaffi ba ta daɗewa." Na ji sau ɗaya, na ji sau biyu. Ban ji Baffa ya gyara musu ba.

Na miƙe. Matar Baffa ta riƙe mini zane, na fizge. Na ratsa zaure na fito tsakiyar maza, ba ko takalmi. Liman ya ce, "Subhanallahi, Zuwaira, koma ciki."

Na ce, "Gafarta malam, zan koma. Kalma ɗaya ce. Na ji ana cewa jikinsa ya ƙi ƙodata. Ƙarya ne. Baffa, kana wurin likita ta faɗa. Gaya musu."

Baffa ya dubi tabarma.

"Gaya musu, ko ni in faɗa."

Wani dattijo ya ce, "Kwana ne ya ƙare, baiwar Allah. Kada ki yi saɓo."

"Na san kwana ya ƙare. Ban ja da Allah ba, da ku nake ja. Allah bai ce a bar ni a kan benci ba. Allah bai ce idan uwa ta ga ɗanta yana kumbura ta yi shiru ba. Na zo na faɗa aka ce ba ni da kunya. Aka yi mini dariya a bakin rijiya. Magani aka ɗura masa har ya ƙone abin da na ba shi, ba wanda ya je ya tambaya, saboda tumatur. Ina tumatur ɗin yanzu?"

Sai Baffa ya ɗago. Ya ce, "Gaskiya ta faɗa. Ni na ƙara masa. Ƙodarta ba ta da laifi." Ya juyo gare ni. "Zuwaira, ki yafe mini. Na-Baffa ɗana ne ni ma."

Na ce, "Ba sunansa ke nan ba. Sunansa Muzammil."

Wani ya yi salati. Ni kaina sai da na ji sunan baƙo a bakina, kamar na tauna abin da ban taɓa ci ba. Shekara talatin da wani abu ina ɗauke da shi ban furta ba. Na sake faɗa da ƙarfi, yadda na cikin gida za su ji. "Muzammil. Ni na haife shi." Sannan na juya na shiga.

Har yau akwai waɗanda ba sa gaishe ni da kyau. Ana cewa mutuwar ta taɓa mini kai. Baffa yakan aiko da kifi, ina karɓa in ba Husna ta dafa wa yarinya. Maganar yafiya, na ce masa ina nema a zuciyata, ranar da na samu zan aika masa. Ban samu ba tukuna. Da 'yata Rahma ta haifi ɗanta na fari, dangin mijinta suka fara zancen wanda zai riƙe shi, na ce mata duk wanda zai riƙe ya riƙe, amma ranar da za a shiga ɗakin likita ta riga kowa shiga.

Likita ta ce in riƙa shan ruwa sosai saboda guda ɗayar da ta rage. Kullum da safe, lokacin da yakan shigo gaishe ni, nakan ɗebo ruwa a randa da kofin da ya zubar da kunu, in zauna a bakin ƙofa ina fuskantar katangar Baffa. Kafin in kai baki sai in ce, "Muzammil, an tashi lafiya?" Ba na rage murya. Sannan in shanye.